Kyauta ce ko Aro?

A watan Oktoba na shekarar 2001, wani magidanci mai suna Ben Trott da matarsa Mena, mazauna jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, suka fito da wata manhajar kwamfuta, suka sa mata suna Movable Type. Aikinta shi ne ta taimaki mutum ya riƙa wallafa rubutunsa a intanet a tsare, kwana bayan kwana. Duk mai so domin amfanin kansa sai ya ɗauka ba ko sisi. Wanda ya ji daɗi ya aika da gudummawa gwargwadon ƙarfinsa. Mutane suka yi ta ɗauka. Ma'auratan suka kafa kamfani, Six Apart, gama kwana shida ne tsakanin haihuwar mijin da ta matar.

Ranar 13 ga Mayu 2004 kamfanin ya fito da sabon bugu, watau na 3.0, tare da sabuwar doka. Na kyauta yana nan, amma marubuci ɗaya kaɗai zai yi aiki da shi, a shafuffuka uku. Wanda ya wuce haka sai ya biya, mafi arha wajen dalar Amurka 70. Kafin gari ya waye, ɗaruruwan mutane sun rubuta fushinsu. Waɗansu suka ce an ci amanarsu, waɗansu kuwa suka kira masu fushin butulu.

Wane ne mai gaskiya?

Sai a fara da abin da ba shi da gardama. Ma'aikaci ya cancanci ladansa. Mutum biyu sun yi shekara biyu da rabi suna gyara abu, suna amsa tambayoyin baƙin da ba su taɓa gani ba, ga shi kuma sun ɗauki ma'aikata waɗanda za su biya a ƙarshen wata. Ba su ƙwace tsohon bugun daga hannun kowa ba. Wanda ya ci tuwon maƙwabcinsa kwana ɗari, sa'an nan ya zage shi ran da tukunya ta kasa, ya mai da alheri bashi. A cikin masu hayaniyar lalle akwai irinsa, gama zuciyar ɗan Adam tana saurin sabawa da kyauta har ta manta akwai mai bayarwa.

Amma ba dukansu ne haka ba. Wani sanannen mai tsara manhaja, Mark Pilgrim, ya yi lissafi ya ga sabuwar dokar za ta ci masa dala 535. Kuɗin yana da su. Sai ya kwashe rubutunsa ya koma wata ƙaramar manhaja mai suna WordPress, ya miƙa wa masu yin ta dala 535 ɗin cif. Ashe ba rowa ce ta tashe shi ba. Abin da ya gane a wannan rana shi ne, gidan da ya daɗe yana zaune ciki ba nasa ba ne, kuma mai gidan yana da ikon sake sharaɗi duk sa'ad da ya ga dama.

Manomi ya san wannan bambanci sarai. Akwai gonar da aka ba mutum kyauta a gaban shaidu, akwai kuma gonar aro. A duka biyun ba a karɓi kuɗi ba, gero kuma ɗaya yake fitowa. Amma a wurare da yawa ba a yarda mai aro ya dasa itace ba, domin itace alamar mallaka ce, mai gona kuwa yana iya neman abinsa bayan girbi. Wannan hani yana kama da tsanani, amma jinƙai ne: yana tuna wa mai aro matsayinsa tun bai zuba ƙarfinsa ba.

Movable Type gonar aro ce tun farko. Takardar izininta ta yarda mutum ya duba cikinta, ya gyara domin kansa, amma ba ta ba shi ikon rarraba ta ga waɗansu ba. Haka yake a rubuce. Wa yake karanta irin waɗannan takardu? Mutane dai suka ga ƙasa mai kyau suka dasa itatuwa. Waɗansu suka rubuta ƙananan ƙari da suka faɗaɗa aikin manhajar, waɗansu suka rubuta darussan koyon ta, waɗansu suka raba dare suna taimakon sababbin shiga, duk a kyauta. Sunan da kamfanin ya yi, da guminsu a ciki. Mai gona ya ga ana dashe, ya ji daɗin inuwa, bai tuna musu da ƙarfi cewa aro ne ba. Mafi zafi kuma, dokar ta fi faɗa wa waɗanda suka fi ƙwazo, watau masu buɗe wa iyali da abokai wurin rubutu, domin da yawan marubuta ake lissafin kuɗin.

Saboda haka laifin kamfanin ba neman lada ba ne. Ya bar mutane suka ɗauki aro a kan kyauta muddin hakan yana amfanarsa, sa'an nan ya sake sharaɗi a rana ɗaya ba tare da ya shirya zukatan yawancinsu ba. Ikon mutum a kan kayansa bai ɗauke masa nauyin waɗanda ya bari suka jingina da shi ba. Su kuma masu dashen suna da nasu rabo, gama ba su tambayi gonar wa suke nomawa ba. A yi wa Mena Trott adalci: ta fito ta nemi mutane su gaya mata yadda suke aiki da manhajar, cikin ƴan makonni kuma aka sassauta dokar. Sai dai waɗansu daga cikin waɗanda suka riga suka ɗaura kaya ba farashi ne ya dame su ba.

WordPress kuwa, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da ita a watan Mayu 2003, tana ƙarƙashin izinin da ake kira GPL. Wannan izini bai hana sayarwa ba. Abin da ya tabbatar shi ne, duk wanda manhajar ta shiga hannunsa yana da ikon gyara ta da rarraba ta, masu yin ta ma ba su iya janye wannan iko daga abin da suka riga suka saki. Ita kanta a kan wata tsohuwar manhaja aka gina ta, b2, wadda mai ita ya daina kula da ita. A 2004 ba ta kai Movable Type ƙarfi ba, duk da haka mutane suka ɗunguma can. A shekarar 2021 an ƙiyasta wajen kashi 40 cikin 100 na gidajen intanet da ita suke aiki.

A watan Disamba 2007 Six Apart ya saki Movable Type a ƙarƙashin GPL ɗin nan, amma jama'a sun riga sun yi nisa. A 2013, da aka fito da bugu na 6, masu manhajar na lokacin suka daina sakin sababbin bugu a ƙarƙashinsa. Wanda aka riga aka saki kuwa ya zauna a hannun mutane yadda yake.