Wa Ya Sare Tsamiyar Shamuwa?

Jama'a, shekara ta kusa zagayowa, amma abin ya ƙi fita daga raina. Na yi niyyar in haɗiye shi, sai na ga idan na yi shiru ni ma na shiga sahun waɗanda zan zarga.

A bakin hanyar da ta fita daga unguwarmu, can gefen Kano inda gonaki ke rikiɗewa zuwa fulotai, akwai wata tsamiya da ta girmi mahaifina. Duk shekara, idan zafin bazara ya kai maƙura, wajen Afrilu zuwa Mayu, sai ka wayi gari ka ga shamuwa ta sauka a kanta, baƙa wuluk da farin ciki, tana ɗauko kirare a baki. Daga ranar tsofaffi ke cewa a fito da iri, a kai garma maƙera, ruwa ya kusa. Tun daga kudancin Afirka take tasowa, wajen su Zambiya da Zimbabuwe, ta keto ƙasashe don ta yi ƙwai a tsakiyar mutane, domin ta san a garin Bahaushe ba a taɓa ta. Muna yara, wanda ya ɗaga danƙo ya nufi shamuwa, kafin ya isa gida labari ya riga shi, kuma bulala na jiransa.

Bara, wata Asabar da hantsi a cikin Yuni, wani bawan Allah da ya sayi filin da tsamiyar take ya zo da samari biyu da injin yankan itace. Sheƙa goma sha ɗaya na ƙirga a kan tsamiyar nan. Na ce masa, "Alhaji, don Allah a dakata su tashi." Ya dube ni ya ce, "Malam, filina ne, ga takarda. Siminti kullum tashi yake, tsuntsu zan zauna jira?" Kafin azahar tsamiyar ta kwanta. Na ga ɗan shamuwa a ƙasa, gashinsa bai gama fitowa ba, fiffike ɗaya ya karye, yana buɗe baki babu sauti. Na ga ƙwai a fashe, tururuwa ta yanyame shi. Yara suka riƙa ɗaukar 'ya'yan ta ƙafa suna wujijjigawa, manya na tsaye suna cinikin itacen da mai gidan burodi. Iyayen kuwa suna ta shawagi a sama, su sauko kamar za su sauka a reshen da babu shi, su sake tashi, har magariba.

Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? Mutumin nan bai haƙa harsashi ba sai bayan kaka. Duk damina filin na nan, daga kututture sai tarin yashi tifa biyu da ruwa ya wanke rabinsa. Shamuwa na kwanci kamar wata guda, 'ya'yanta su yi kamar wata biyu su iya tashi. Wata uku ke nan. Wata uku kacal aka nema a wurinsa, ya ƙi, sannan ya zauna wata biyar bai aza bulo ko ɗaya ba. To gaggawar mece ce? Wallahi ba siminti ba ne, zuciya ce ta bushe.

Kuma mu ne masu cika sahun gaba a masallaci. Allah Maɗaukaki Ya sanar da mu a Suratul An'am, aya ta 38, cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen da ke tashi da fikafikansu al'ummomi ne kamarmu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke wa wata ƙaramar tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana karkaɗa fikafikai, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya kuma yi umarni a mayar mata da su. 'Ya'ya biyu ne fa, ba sheƙa goma sha ɗaya ba. Masu tarihi kuma sun kawo labarin Amru ɗan Asi lokacin buɗe Masar: zai tashi da runduna zuwa Iskandariyya, aka tarar kurciya ta yi ƙwai a kan tantinsa, ya ce a bar tantin a tsaye. A wurin aka gina birnin Fusɗaɗ, wanda yau yake cikin Alƙahira. Kwamandan yaƙi ya bar wa kurciya tantinsa, Alhajin nan mai shirin gina shago shida ya kasa bar wa shamuwa wata uku. Malamanmu, sau nawa kuka hau mumbari da wannan? Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, muna karanta wa yara a Islamiyya, sannan yaran nan su ne na gani riƙe da ƙafar ɗan shamuwa.

Wani zai ce ai sai a kai ƙara. Ina? Dokoki kam muna da su. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa da daji da namun daji, amma yana cikin babin da ba a iya tilasta shi kai tsaye a kotu. Akwai Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa tun 1963. Akwai dokar 1985 ta halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016, ita kuma hankalinta ya fi karkata ga farauta da fatauci. Akwai doka mai lamba 86 ta 1992 da ta ce kafin a fara babban aiki sai an auna illar da zai yi wa muhalli, ga hukumar NESREA da aka kafa a 2007. Sai dai idon dokar auna illa yana kan manyan ayyuka ne, madatsun ruwa da tituna da rukunin gidaje masu faɗi. Mu kuwa da awon igiya muke cinye daji, fuloti bayan fuloti, kowane ƙarami ne, ba wanda ya isa a turo jami'i. Kafin ka ankara gona ɗari ta zama unguwa, ba a bar ko darbejiya ba. Dokar filaye ta 1978 ta ce ƙasa amana ce a hannun gwamna domin jama'a. Amana! Mu muka mayar da takardar fili lasisin kashe duk abin da ke numfashi a kansa. A Ingila, tun dokar 1981, laifi ne mutum ya lalata sheƙar tsuntsun daji da gangan muddin ana gina ta ko ana cikinta, har magina kan tsara share fili ya faɗo bayan lokacin ƙyanƙyasa. Su doka ta tilasta musu. Mu kakanninmu ba su buƙaci ɗan sanda ba, kunya da tsoron Allah suka tsare shamuwa. Kunyar muka yar, dokar kuma ba ta iso ba, shi ya sa tsamiya ta kwanta a gaban mutum talatin.

Kada wanda ya ce tsuntsu ne kawai. Ina ungulu? Da, kowace mahauta a ƙasar Hausa cike take da su, suna share mushe kyauta. Yau yaro ɗan shekara goma sai a hoto. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa irin ungulun garuruwanmu cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Masu neman sassanta don tsubbu da masu zuba guba sun yi nasu, mu kuma mun sare dogayen rimaye da kukoki da take sheƙa a kai. Ina gauraka, da muke kirari da ita? Ku je dausayin Haɗeja da Nguru, wanda aka sa wani ɓangarensa a jerin Ramsar a 2000, ku tambayi masunta yadda ambaliyar shekara ta ja baya bayan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992. Ko nan cikin birni, kududdufai nawa aka cike da shara aka yi shaguna a kai? Balbela da zalɓe suka watse, ruwan da kududdufin ke sha ya koma ɗakunan mutane, muna kuka muna cewa ƙaddara. Shamuwar nan fara da tsutsa take ci a gonakinmu. Mun kore ta, mun koma sayen maganin feshi da bashi.

Ba Alhajin kaɗai nake zargi ba. Dillalin da ya ce masa bishiya na rage wa fili daraja yana ciki. Mai unguwar da ya sa hannu a takarda bai ce uffan ba yana ciki. Saurayin da ya ja injin yana jin kukan iyayen a kansa, bai tsaya ba, yana ciki. Dattawan da suka yi shekara arba'in suna hira a inuwar tsamiyar nan, ranar suka ja tabarmarsu gefe don kada reshe ya faɗo musu, Allah na ganinku. Ni ma da na faɗi magana ɗaya na koma gefe ina tafasa a ciki, ban je na ɗauko liman ba, ban tsaya a gindinta ba, zan amsa tambaya.

Ba na ce kada a yi gini ba. Ni ma a gida nake kwana, kuma 'ya'yanmu na buƙatar muhalli. Roƙona ɗaya ne: wanda zai sare bishiya ya ɗaga kai ya duba tukuna, in da sheƙa ya bari sai kaka, mai unguwa kuma ya sa wannan cikin sharaɗi kafin ya sa hannu. Don girman Allah, wata uku ne. Wata uku!

Shekaranjiya na bi ta bayan makarantar firamare, inda wani rimi yake, shi kaɗai ne dogon icen da ya rage mana. Na ga an kafa turaku an ja igiya, an shafa wa gindinsa jan fenti. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma cikin makonnin nan shamuwar da ta rasa tsamiya za ta iso, a kansa za ta sauka. Liman, mai unguwa, iyayen yara, kun ga fentin nan kamar yadda na gan shi, kuma kun san wanda ya sayi filin.