Sabon Mawaƙi Mai Furfura: Tsokaci Kan Yabon da Ya Makara

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2000 ake gudanar da wani biki na shekara-shekara mai suna Latin Grammy, wanda ake karrama mawaƙa da makaɗan da suke rera waƙoƙinsu cikin harshen Sifaniyanci ko na Fotugis. An yi na farko a birnin Los Anjelis na ƙasar Amurka, ranar 13 ga Satumba na wannan shekarar. Daga cikin lambobin yabon da ake rabawa akwai wadda aka keɓe wa sabon mawaƙin da ya fi fice a shekara. Abin mamaki, sau biyu wannan lamba ta faɗa hannun tsofaffi tukuf. Wannan muƙala za ta dubi rayuwar waɗannan bayin Allah biyu, domin a yi nazarin wata tambaya ta ɗa'a: shin yabon da ya zo bayan furfura ta cika kai ya biya haƙƙin mai fasaha, ko kuwa akwai sauran bashi?

Dattawa Biyu Daga Kyuba

Na farkonsu shi ne Ibrahim Ferrer, wanda aka haifa a 1927 a gabashin tsibirin Kyuba. Ya shafe shekaru masu yawa yana waƙa a cikin ƙungiyoyin makaɗa, galibi a matsayin ɗan amshi, sunan shugaban ƙungiya ne ke fita, nasa kuwa yana baya. Da ƙarfinsa ya fara ja, sai ya ajiye waƙa ya koma goge takalma a birnin Habana domin ya cike giɓin ɗan kuɗin fanshonsa. A 1996 ne aka nemo shi aka sa shi cikin dattawan da suka yi faifan Buena Vista Social Club, wanda ya fito a 1997 ya zagaya duniya. Faifansa na ƙashin kansa ya biyo baya a 1999. Da aka zo bikin farko a 2000, shi aka ba lambar sabon mawaƙi, yana da shekara 73.

Ta biyu ita ce Angela Alvarez. Ita ma a 1927 aka haife ta, ita ma a Kyuba. Tun tana yarinya take tsara waƙoƙi, amma mahaifinta ya hana ta ɗaukar waƙa a matsayin sana'a. Ta bi umarninsa, ta yi aure, ta ci gaba da rubuta waƙoƙinta a littattafai tana rera wa iyalinta a cikin gida. A 1962, bayan juyin juya halin ƙasar, ta tura 'ya'yanta huɗu Amurka ba tare da ita ba, sai daga baya suka sake haɗuwa. Jikanta, wanda shi ma makaɗi ne, shi ya tattara waƙoƙin ya sa aka naɗe su a faifai, ya fito a 2021. A watan Nuwamba na 2022, a birnin Las Vegas, aka ba ta lambar sabuwar mawaƙiya tana da shekara 95, tare da wata matashiya 'yar ƙasar Meziko mai suna Silvana Estrada, wadda suka yi kunnen doki.

Sabo a Wurin Wa?

Idan aka lura da kyau, kalmar "sabo" a nan ba ta siffanta mawaƙin ba. Muryar Ferrer ta 1999 ita ce muryar da yake da ita tun yana amshi, sai ma dai shekaru sun ɗan rage mata ƙarfi. Waƙoƙin Alvarez kuwa wasunsu sun girmi jikan da ya naɗe su. Abin da ya sabunta shi ne kunnen duniya. Ke nan lambar tana nuna ranar da masu sauraro suka iso, ba ranar da fasaha ta nuna ba. A nan wajibi ne a bambanta abu biyu da ake yawan cakuɗawa, wato darajar aiki da kuma shaidar da jama'a suka yi masa. Daraja tana tattare da aikin tun ranar da aka yi shi, ko an ji ko ba a ji ba. Shaida kuwa aikin wasu ne, tana iya zuwa da wuri, tana iya makara, tana kuma iya ƙin zuwa baki ɗaya.

Hausawa na cewa yabon gwani ya zama dole. Abin da ya zama dole kuwa bashi ne, ba alfarma ba. Duk wanda ya biya bashi bayan shekara hamsin, to ya kyauta da ya biya, amma bai dace ya tsaya yana jiran a gode masa kamar wanda ya yi kyauta ba.

Tarkon Labarin Haƙuri

Mai karatu zai iya cewa, ai darasin wannan labari a fili yake: mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Haƙiƙa dattawan nan sun yi haƙuri, kuma haƙurinsu abin koyi ne. Sai dai akwai haɗari idan aka tsaya a nan, domin wannan fassara tana wanke waɗanda suka jawo jinkirin. Ai ba ƙaddara ce kurum ta ɓoye su ba, akwai hannun mutane a ciki. Uba ne ya rufe wa Alvarez ƙofa. Tsarin ƙungiyoyin kiɗa da kasuwar faifai ne suka ajiye Ferrer a sahun baya. Siyasa ma ta sa nata hannun, domin a 2004, bayan duniya ta san shi, hukumomin Amurka sun hana shi bizar halartar babban bikin Grammy, inda faifansa ya ci lamba ba ya wurin. Ya rasu a Habana a 2005, wato shekara 5 kacal bayan an kira shi sabon mawaƙi. Alvarez kuma ta rasu a ƙarshen 2024, shekara 2 bayan nata yabon.

Bugu da ƙari, labarin haƙuri yana sa a manta da waɗanda suka yi irin wannan haƙuri amma ba su sha romon komai ba. Ferrer ya dace da masu neman tsofaffin muryoyi, Alvarez ta dace da jika mai sanin hanyar ɗakin naɗar waƙa. Wanda ba shi da irin wannan jika fa? Littafin waƙoƙinsa yakan ƙare a cikin akwati, gara ta cinye, ba tare da darajarsa ta gaza ta waɗannan biyu ba.

Ba a cewa masu bikin sun yi laifi da suka karrama tsofaffin. Sun yi daidai, kuma da sun hana su saboda shekaru, da zaluncin ya ninka. Lambar ta sa miliyoyin mutane sun ji abin da da ba za su ji ba, ta kuma faranta wa dattawan rai tun suna raye, wanda ya fi yabon da ake yi wa mutum a bakin kabarinsa. Abin da ba ta iya ba shi ne mayar musu da shekarun ƙuruciya da ƙarfin murya, da waƙoƙin da za su iya yi da a ce an saurare su a kan lokaci.

Kammalawa

A taƙaice, yabon da ya makara ya fi rashin yabo, amma biyan rabin bashi ne, sauran rabin kuwa ba ya biyuwa ga wanda ake binsa. Hanya ɗaya da ta rage ita ce a biya shi ga na baya. Wannan nauyi bai tsaya kan alƙalan manyan bukukuwa ba, ya hau kan uba a gidansa, da shugaban makaɗa a cikin 'yan amshinsa, da malami a ajinsa, da editan mujalla irin wannan idan rubutun ɗalibin da ba a san sunansa ba ya zo gabansa. Kowannensu yana da ikon ya saurara tun mai fasaha yana da sauran shekarun da zai amfana da sauraron.