Rai A Cikin Ruwan Zafi

A shekarar 1966, wani masanin kimiyya Ba'amurke mai suna Thomas Brock ya yi bincike a wata maɓuɓɓugar ruwan zafi a gandun Yellowstone. A can ya tarar da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, suna hayayyafa a zafin digiri 70 na ma'aunin Salshiyas. Aka raɗa musu suna Thermus aquaticus. A 1977 kuma, masu bincike suka nutsa kimanin mita 2,500 cikin teku kusa da tsibiran Galapagos, suka iske ruwa mai ɗumi yana ɓulɓulowa, halittu kewaye da shi, inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba. A 2008 aka tabbatar da wata ƙwaya mai hayayyafa a digiri 122, zafin da ya wuce na tafasar ruwa a tukunya.

Waɗannan halittu ba sa gudun zafin. Mahalicci ya ƙera sinadaran jikinsu yadda zafin da ke dafa ƙwai ba ya lalata su.

Littafin Daniyel sura 3 ya nuna irin wannan aiki na Ubangiji. Nebukadnezzar ya sa aka ƙara zafin tanderu har sau bakwai. Allah bai kashe wutar ba, amma ya kiyaye Shadrak, Meshak da Abednego a tsakiyarta, har sarki ya ga mutum na huɗu tare da su. Tun kafin a jefa su kuwa, sun riga sun ƙudura ba za su yi wa gunki sujada ba, ko an cece su ko ba a cece su ba.

Iyalai da yawa na cikin tanderu a yau: ciwo, rashin aiki, tsanani saboda sunan Almasihu. Irin wannan bangaskiya ba a ranar wuta ake neman ta ba. A gida ake gina ta, ta wurin addu'ar iyali da karatun Maganar Allah.

Jimiri kuma yakan amfani waɗansu. Sinadarin Thermus aquaticus mai jure zafi shi ne ya sauƙaƙa gwajin PCR, wanda aka yi ta gano cutar korona da shi a 2020. Haka Manzo Bulus ya koyar a 2 Korantiyawa 1:4, cewa wanda Allah ya ta'azantar cikin wahala, shi zai ta'azantar da ɗan'uwansa.

Ubangiji ya riƙe masu binsa har ƙarshe. Amin.