Wa Ya Yi Laifi?

Karatu: Yahaya 9:1-7

A karatunmu na yau Yesu yana tafiya tare da almajiransa, sai suka ga wani mutum da aka haifa makaho. Ka lura da tambayar da almajiran suka yi. Ba su tambayi yadda za a taimaki mutumin ba. So suke su san mai laifi, ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa. Ubangiji ya nuna musu cewa babu ɗaya daga cikinsu da ya jawo makantar, kuma aikin Allah zai bayyana a rayuwar mutumin.

Har yau muna yin irin wannan tambaya, musamman idan ciwo ya zo ta hanyar da ba mu saba gani ba. Akwai wata cuta da likitoci suke kira ADEM a taƙaice, wato kumburin ƙwaƙwalwa da lakar baya. Ba ta da yawa, kuma ta fi kama yara ’yan ƙasa da shekara 10. Yaro zai yi mura, ko ƙyanda, ko ƙaranbau, ya warke, har ya koma wasa da ’yan’uwansa. Bayan mako 1 zuwa 3 sai ya tashi da zazzaɓi, da ciwon kai, da amai. Cikin ’yan kwanaki ƙafafu su ƙi ɗaukarsa, gani ya dushe, magana ta rikice, barci ya yi masa nauyi, wani lokaci har da jijjiga. Uwar da ta ga haka, zuciyarta takan ce wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, da hannun wani a ciki.

To, ga abin da yake faruwa a cikin jikin yaron. Allah ya lulluɓe jijiyoyinmu da wata ’yar riga mai maiƙo, kamar yadda ake lulluɓe wayar lantarki da roba, domin saƙo ya yi gudu daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa da ido. Ya kuma ba mu sojojin jiki masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. A wannan ciwo, bayan sojojin sun kori baƙuwar cutar, sai su ruɗe, su ɗauki rigar jijiya a matsayin abokiyar gāba, su far mata. Jiki ne yake yaƙar kansa. Ba a ɗaukar cutar daga wani, kuma babu wanda ya jefe shi.

Amma mu me muke yi? Sai a fara raɗe-raɗi a gida. A ce tsohuwar nan ta maƙwabta ce ta kama kurwarsa. A ce kishiya ce ta yi sammu. A cikin ikkilisiya ma za ka ji wani yana cewa lalle akwai ɓoyayyen zunubi a gidan, shi ya sa. Ɗan’uwana, manzo Bulus ya koya mana a 1 Korantiyawa 12 cewa mu masu bi jiki ɗaya ne. Idan muka ɗora wa marar laifi maita, ashe mun kamu da irin ciwon yaron ke nan, gaɓa tana cin ’yar’uwarta. Tsohuwa ta rasa mutuncinta a gari, zumunci ya lalace, yaron kuwa yana nan kwance a tabarma, kwanaki suna wucewa.

Kwanakin nan ne suke da tsada. Alamun wannan ciwo suna kama da na sanƙarau, da na zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa, waɗanda muka sani sarai a ƙasashenmu. Likita ne kaɗai zai bambance su, ta gwajin jini, da ruwan baya, da hoton ƙwaƙwalwa inda akwai na’urar. Ko wanne ne daga cikinsu, asibiti za a nufa a ranar, ba gobe ba. Idan ADEM ce, akan ba da maganin kwantar da kumburi ta jijiya, kwana 3 zuwa 5. Yawancin yara suna samun sauƙi, da yawa suna warkewa sarai cikin makonni ko watanni, kuma galibi ciwon ba ya dawowa. Wasu sukan rage da rauni a ƙafa ko wahalar karatu. Ƙyanda tana cikin cututtukan da suka fi jawo shi, kusan yaro 1 cikin 1,000 da suka kamu da ita, don haka kada ka raina allurar rigakafi.

Kada wani ya ce maka zuwa asibiti rashin bangaskiya ne. Yesu ya shafa wa makahon laka a ido, ya aike shi ya wanke a tafkin Siluwam. Mutumin ya tashi ya tafi, yana laluben hanya, sa’an nan ya dawo yana gani. Luka da ya rubuta Bishara ma likita ne. Ka yi addu’a kana goye da yaron a hanya. Idan kuwa ɗan maƙwabcinka ne, kai ka nemo babur ko mota, ka tara ’yan’uwa a haɗa kuɗin magani, mata su kai abinci wurin jinya.

Addu’a: Ya Uba, ka dubi yaran da suke kwance yau da iyayen da ba su runtsa ba. Ka ba likitoci hikima. Ka tsare bakinmu daga zargin marar laifi. Cikin sunan Yesu, amin.