SHAIDAR KWANDON CEFANE

Ya ɗan'uwa, kai da ka shigo hanyar Yesu Kristi ba da daɗewa ba, da kai kuma da ka ke tsaye a bakin ƙofa kana bincike tukuna, ina so in yi maku magana a kan wani abu ƙanƙane wanda ba a cika yin wa'azi a kansa ba, watau cefane. Mutum ya kan tafi sujada sau ɗaya ko sau biyu a bakwai, amma tukunya kowace rana ta ke hawa murhu. A ɗakin sujada kowa ya kan sa rigarsa mai-kyau, ya gyara fuska. A kasuwa kuwa ba mai tunawa ana dubansa, sai ya miƙa hannu ga abin da zuciyarsa ta ke so. Domin wannan, kwandon da ya ke komowa gida da shi ya kan ba da shaida a kansa fiye da bakinsa.

Attajiran duniya sun daɗe da sanin haka. A shekara ta 1937, cikin birnin Oklahoma na ƙasar Amurka, wani mai-kantuna, Sylvan Goldman, ya lura masu-saye su kan daina ɗaukar kaya da zarar kwando ya yi wa hannunsu nauyi. Sai ya sa aka ɗora kwanduna biyu na waya bisa ƙarfe mai-ƙafafu, wanda a ke turawa. Mafarin keken cefane ke nan, irin wanda a ke gani yau cikin manyan kantuna. Da fari mutane suka ƙi shi: maza suna jin kunya kada a ce ba su da ƙarfi, mata kuwa suka ce ya yi kama da keken jarirai. Goldman ya yi ijara da waɗansu maza da mata su riƙa tura keken cikin kanti kamar masu-saye, har jama'a suka gani suka bi. Ka duba fa, nauyin da ke ce wa hannu "ya isa" shi aka ɗauke. Daga baya kuma, a 1995, kantunan Tesco na Ingila suka fito da kati wanda ke ajiye lissafin abin da mai-riƙe da shi ya saya, domin su san abin da za su tallata masa. Su suna karanta kwandonka domin riba. Kai fa, ka taɓa karanta shi?

Amma kafin in ci gaba, sai in ja kunnenka. Kwandon da na ce ka karanta naka ne, ba na maƙwabcinka ba. Wani masanin lissafi na Jamus, Ernst Engel, ya bincika yadda iyalan ma'aikata na ƙasar Beljiyam su ke kashe kuɗinsu, a 1857 kuwa ya nuna cewa gwargwadon talaucin gida, gwargwadon yawan rabon da abinci ke cinyewa daga cikin samunsa. Ashe abin da kwando ya ke fara faɗi shi ne nauyin aljihu. Idan ka ga 'yar'uwa ta sayi manja cokali biyu da daddawa ƙwaya uku, kada ka ce rowa gare ta. Wataƙila iyakar abin da ke hannunta ke nan. Idan ka ga wani da cinyar rago, kada ka ce almubazzari ne. Ka san ko matarsa ta haihu? Ido ya kan ga kaya, ba ya ganin dalili.

To, ga kwandonka a gabanka. Tambaya ta fari: domin wa ka sayo waɗannan? Akwai maigida wanda ya kan tsaya wurin mai-tsire da yamma, ya ci na ƙoshi, ya bi da shayi da burodi, ya share baki, kāna ya shiga gida ya miƙa wa matarsa kuɗin da ba su kai kuka da gishiri ba. Da tuwo ya zo kuma shi ne mai-faɗa, wai miya ba daɗi. Ran Lahadi muryarsa ta fi ta kowa a waƙa. Ya ɗan'uwa, ban faɗi wannan domin dariya ba. Yaran nan suna jin ƙanshin ƙuli-ƙuli da yaji a rigar ubansu, suna kuwa koyon abin da ubansu ya ke nufi sa'anda ya ce "ƙauna". Idan nama ya samu, a kai shi tukunya kowa ya lasa. Idan bai samu ba, a sha kuka tare. Hakanan wanda giya ko taba ke cin rabin kuɗin cefanensa, ba sai an gaya masa wa ya ke bauta wa ba.

Ta biyu: ƙaƙa ka sayo su? Mu kan yi saurin zargin mai-sayarwa, da gaskiyarmu kuwa wani lokaci. Annabi Amos, wajen shekara 750 kafin haihuwar Ubangijinmu, ya tsauta wa 'yan kasuwar Isra'ila waɗanda su ke ƙosawa Asabar ta wuce su koma ciniki, masu-rage mudu, masu-haɗa ƙaiƙayi da alkama. Mai-bi wanda ke da rumfa, sai ya ji wannan, kada ya buga gindin mudunsa ya shige ciki. Amma mai-saye ma yana da nasa zunubi, Littafin Misalai kuwa ya ambace shi cikin sura ta 20: mutumin da ke kushe kaya a gaban mai-shi, ya tafi yana fahariya da arahar da ya samu. Tayi ba laifi ba ne, al'adar kasuwarmu ce, mai-kaya kuma yana da bakin cewa "albarka". Abin da ba shi da kyau shi ne ka shiga babban kanti ka biya abin da aka rubuta ba ko tari, sa'an nan ka fito ka tsugunna gaban tsohuwa mai-kashin tumatir, ka matsa mata har ta sallama domin rana ta yi, kāna ka ce ta yi maka gyara. Ƙarfinka a kan mara-ƙarfi ka gwada shi. Idan kuma an yi kuskure an ba ka canji fiye da naka, ka koma ka mayar, ko da ka kai ƙofar gida.

Sababbin masu-bi su kan tambaye mu: yanzu da na tuba, sai in daina sayen nama wurin mahaucin da na saba? A'a. Masu-bi na Korinti sun yi irin wannan damuwa, gama a garinsu wani naman da ke kasuwa daga haikalin gumaka ya ke fitowa. Bulus manzo, cikin wasiƙarsa ta fari gare su, sura ta 8 da ta 10, ya ba su izni su ci abin da a ke sayarwa ba tare da tone-tone ba, amma ya gargaɗe su kada 'yancinsu ya zama sanadin tuntuɓe ga wani. Saboda haka ka gai da mahaucinka kamar dā, ka sayi hatsi inda ka saba. Kada kuma ka ɗauko abin da ka san iyayenka suna ƙyama ka ratsa tsakar gida da shi, wai domin su san ka sāke. Sākewar da ta kamata su gani a halinka ta ke.

Game da ɓarna, kalma kaɗan ta isa. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya, kashi 60 cikin ɗari daga gidaje. Sayi abin da gidanka zai ci. In ya yi saura, akwai mai-bukata kusa da kai, ka kuwa san ƙofarsa.

Saura bashi. Mai-kantin unguwa ya kan ba da sabulu da sukari da man gyaɗa a rubuta, domin ya yarda da kai. Da yawa kuma, sa'anda bashi ya taru, sai su sāke hanya, su kai kuɗin hannu wani kanti. Wanda ke binka bashi ba za ya saurari bishara daga bakinka ba, ba kuwa zan ga laifinsa ba. Rashi ba abin kunya ba ne, ɓuya ce abin kunya. Idan da sunanka cikin littafin mai-kanti, ka tafi wurinsa kafin Lahadi mai-zuwa, ka tambaye shi nawa ne, ka ba shi abin da ya samu, ka faɗa masa ranar da za ka kawo saura.