Hannuwan Uba a Bayan Ɗansa

Karatu: Luka 15:11-32

A wani gidan tarihi da ake kira Hermitage a birnin St Petersburg na ƙasar Rasha akwai wani zane na hannu, tsayinsa ya fi mita 2 da rabi. Rembrandt, mutumin Holan, shi ne ya zana shi gab da mutuwarsa a shekara ta 1669. Zanen yana nuna komowar ɓataccen ɗan nan da Yesu ya ba da misalinsa.

Mai zanen ya san baƙin ciki. Matarsa ta rasu a 1642. Bashi ya cinye dukiyarsa a 1656, har aka sayar da gidansa. Ɗansa Titus kuma ya rasu a 1668. Tsoho ne wanda ya rasa kusan kome ya ɗauki alli da fenti.

Ga abin da ya zana. Ɗan yana durƙushe cikin tsumma, kansa a aske, takalmi ɗaya ya zame daga ƙafarsa. Uban ya sunkuya, ya ɗora hannu biyu a bayansa. Hasken zanen a kan hannuwan nan ya sauka. A gefe kuwa wan yana tsaye, ya harɗe hannuwansa, bai matso ba.

Mun san wannan labari a Kolokonde. Samarinmu sukan bi hanyar Jugu ko ta Paraku su tafi neman kuɗi a Nijeriya. Waɗansu sukan dawo da babur. Waɗansu kuwa ba su samu kome ba, kunya ta hana su komowa, iyaye suna ta duban hanya. Wataƙila kai ma haka kake da Allah. Ka yi nisa, kana cewa sai ka gyara halinka tukuna ka dawo.

Ɗan'uwana, duba ƙafar yaron nan. Da ƙura ya zo, hannu wofi, haka kuma aka rungume shi. Uban bai jira ya yi wanka ba. Yesu ya riga ya biya bashin zunubinka a kan gicciye. Abin da ya rage maka shi ne ka tashi ka komo gida yau.

Kai kuma da ba ka taɓa barin ikkilisiya ba, yaya hannuwanka suke? In mai tuba ya shigo sujada ran Lahadi, za ka miƙa masa hannu, ko za ka harɗe su kamar wan nan?

Addu'a: Ya Uba, na yi zunubi, na yi nisa da kai. Ga ni na dawo. Ka karɓe ni, ka kuma koya mini in karɓi ɗan'uwana. Cikin sunan Yesu. Amin.