Hutun Mako a Ƙasar Waje: Kunya ko Tsoron Ido?

Duk ɗalibin da ya tafi karatu wata ƙasa yakan sami kwana ɗaya ko biyu a kowane mako waɗanda babu malami a kansa, babu uba, babu maƙwabci. A birnin Alƙahira na ƙasar Masar, inda 'ya'yan Hausawa suka daɗe suna zuwa neman ilmi, hutun kan faro daga yammacin Alhamis ya haɗa da Juma'a, a wurare da yawa har da Asabar. Abin da wannan maƙala take son dubawa shi ne: ɗabi'ar da ɗalibi ya taho da ita daga gida, tasa ce ko kuwa aro ya yi daga idon jama'a? Hutun mako ne ke ba da amsa.

Da farko dai, babu mai hankalin da zai ce ɗalibi ya kulle kansa a ɗaki. Marigayi Abubakar Imam, bayan ziyarar da ya kai Ingila a 1943, ya sa wa littafin da ya rubuta a kanta suna Tafiya Mabuɗin Ilmi, kuma gaskiya ya faɗa. Wanda ya tsaya a gindin babbar dalar Giza, wadda aka gina kimanin shekara 4,500 da suka wuce, tsawonta na asali ya kai mita 146, ya ga yadda mai ginin ya shuɗe ya bar duwatsu, ya karanta darasin da allo ba ya bayarwa. Haka wanda ya shiga masallacin Azhar da aka fara ginawa a 970, ko ya hau ganuwar da Salahuddin ya aza harsashinta a 1176. Gani ya kori ji. Ɗalibin da ya shekara huɗu a wannan birni bai san komai ba sai hanyar aji da ta ɗakin kwana, haƙiƙa ya yi asarar rabin karatunsa.

Sai dai titin da ke kai mutum dalar nan da rana, shi ne kuma ya yi suna da gidajen rawa da na shaye-shaye da dare. Sunansa Shari'ul Haram. A Larabci ma'anarsa titin dala, amma kunnen Bahaushe wata kalma dabam yake ji. A nan ne jarrabawar take. A gida, saurayi kan ƙi shiga irin wannan wuri domin mai shayin bakin titi ya san ubansa, kafin gari ya waye labari ya riga shi isa gida. A Alƙahira kuwa, cikin miliyoyin mutane, ba wanda ya san sunan kakansa. Idan ya shiga, to, ya tabbata abin da ya tsare shi a da tsoron ido ne. Idan ya wuce alhali yana da kuɗin shiga kuma ba mai ganinsa, wannan ita ce kunya ta gaskiya, wadda mutum ke ji tsakaninsa da kansa. Shi ya sa masu iya magana suka ce hali zanen dutse ne, ƙetare teku ba ya goge shi.

Wani zai ce, ai ƙuruciya sau ɗaya take, kuma wa na cuta? Wannan magana tana da nauyi, domin kuwa mutumin da bai taɓa zaɓar wa kansa ba, bai girma ba tukuna. Amma a duba kuɗin da ke aljihunsa. Sau da yawa gona aka jinginar, ko saniya aka sayar, ko kuwa dukiyar talakawa ce gwamnati ta ware don karatunsa. Abin da ya ɓatar a dare guda gumin wani ne. Sannan kuma baƙo ba shi kaɗai yake yawo ba, sunan ƙasarsa na biye da shi. Ɓarnar mutum ɗaya kan sa a rufe wa na bayansa ƙofar gidan haya.

Wannan ba ya nufin dare kansa abin ƙi ne. Bahaushen da ya ce dare rigar mugu, shi ne kuma ya ce dare mahutar bawa. A kasuwar Khan Halili akwai tsohon gidan shayi na Fishawi, inda marubuci Najib Mahfuz, wanda ya sami kyautar Nobel a 1988, yakan zauna. Ɗalibin da ya raba dare a can yana hira da 'yan ƙasa, ko ya hau jirgin ruwa mai filafilai a kan Nilu tare da abokai, ya huta kuma ya ƙaru.

Daga ƙarshe, ma'aunin mai sauƙi ne. Ran da ɗalibi ya koma gida, mahaifiyarsa ta ce ya ba ta labarin Masar, duk daren da zai iya bayar da labarinsa ba tare da ya tsallake wani wuri ba, dare ne mai albarka. Wanda kuwa dole ya haɗiye, ya san da kansa abin da ya sayo da kuɗin gonar.